Binciken Asali a Ƙasar Adar da Ma'aunin Ilmin Gado

Tun zamanin da ba a san takardar likita ba a ƙasar Adar da Gobir Tudu, wato yankin da a yau ya ƙunshi gundumomin Madawa da Buza da Keita cikin jihar Tawa, akwai wata al'ada wadda ba a ƙulla aure sai an bi ta kanta, ko da yake ba a yi mata shela, ba a kuma ambatonta a gaban baƙi, ita ce binciken asali. Idan saurayi ya ga yarinya a kasuwar Tamaske ko ta Bangi, magana ta kai kunnen iyaye, to kafin a kai goron tambaya sai a nemi wata dattijuwa cikin dangi, galibi gwaggo, wadda ta san mutane kuma ta iya bakinta, a ce mata ta je ta jiyo. Ita kuwa ba ta dosar gidan yarinyar, sai ta sauka wajen wata tsohuwar ƙawa a unguwar, a gaisa, a yi batun damina da tsadar hatsi har rana ta yi sanyi, sa'an nan ta sassauta murya ta ce, "Yaya, don Allah gidan nan na gabas da rijiya, lafiya lau suke tun kakanni?" Wadda aka tambaya ta san inda aka dosa, domin lafiyar da ake nufi ita ce kuɓuta daga hauka da kuturta da farfaɗiya. In ta ce, "Sai alheri, ƙanwata," magana ta ci gaba. In kuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "To, kakarsu ta wajen uwa dai an taɓa sa ta a turu," shi ke nan, goro ba zai je ba, yarinyar kuma har ta tsufa ba za ta san abin da ya hana ba.

Wannan al'ada ba daga sama ta faɗo ba. Ƙasar Adar matattarar jinsuna ce tun da daɗewa: akwai Azna, manoma da mafarautan da suka riga kowa zama a kan duwatsu da cikin kwaruruka, akwai gidan sarautar da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya kafa bayan ya ci ƙasar a ƙarshen ƙarni na 17, akwai Abzinawa Kel Geres wajen Galma, da Lisawan a Keita, da Gobirawa a Madawa, da Fulani masu bin ciyawa, kowane jinsi kuwa yana da sana'arsa da iyakar inda yake ba da 'ya ko ya karɓa. A bakin mutanen da, kalmar gado ta zarce gona da rumbu, ta haɗa har da sana'ar gida irin ƙira da farauta, da kuma iskokin da kakanni suka yi wa hidima, waɗanda aka yi imani suna bin zuriya kamar yadda bashi ke bin magada. Wata Bafaranshiya mai nazarin al'adu, Nicole Echard, ta daɗe tana zama da manoman Adar, ta wallafa littafi a kan tarihinsu a 1975, da wani a kan borinsu a 1989. Saboda wannan fahimta ta gado, idan hankalin wani ya gushe, sai a ce iskokin gidansu ne suka tashi don an yi watsi da su, a nemi masu girka. Ashe ke nan lura da cewa wata cuta tana bin gida tsohon abu ne a ƙasar, bayaninta ne kawai yake sauyawa daga zamani zuwa zamani.

Ba a wajen 'yan bori kaɗai aka koyi wannan lura ba, domin garke da gona sun fi kowace makaranta koyar da ita. Makiyayin da yake zaɓen bijimin da zai bari cikin shanunsa na Azawak, ya dandaƙe sauran, yana duban uwar bijimin da yawan nononta kafin ya dubi ƙahonsa. Haka nan mai lambu a kwarin Tarka ko na Magiya, wanda ke noman albasar nan 'yar Galmi da ta yi suna har bakin teku, ba ya barin kowane kai ya zama iri, sai wanda ya cika, ya yi launi, ya jure ajiya. Amma mutanen nan sun ga wani abu kuma, shi ne cewa gado ba ya tafiya a miƙe, don haka harshen da ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shi ne kuma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Tsakanin waɗannan karin magana biyu dukkan mas'alar take.

Da Musulunci ya kafu a ƙasar, sai malamai suka zo da ma'auni wanda ya fi na al'ada sassauci. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa wani Balaraben ƙauye ya kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kukan cewa matarsa ta haifi ɗa wanda launinsa ya saɓa wa nasu, sai aka tambaye shi ko cikin jajayen raƙumansa akan sami mai ruwan toka, ya ce akan samu, kuma da kansa ya ba da dalili cewa wata jijiya ce daga kakannin raƙumin ta fizgo shi, aka nuna masa cewa ɗansa ma haka ne. A cikin wannan hadisi akwai tabbatar da cewa siffa takan ɓuya ta tsallake iyaye ta bayyana ga jikoki, akwai kuma hani ga zargin mace bisa zato. Ta fuskar fiƙihu, duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid, balle wanda ya kai ga Muhtasar na Shehu Halilu, ya san cewa a mazhabar Imamu Malik hauka da kuturta da albaras da cutar al'aura aibobi ne da ke ba da zaɓin raba aure, kuma fuƙaha'u sun ba da jinkirin shekara guda domin magani inda ake fatan waraka. Abin lura shi ne, shari'a jikin ango da amarya ta duba. Al'ada ce ta miƙa hannu har cikin kabarin kaka. Malaman ƙasar Hausa kuma ba su ɗauki cuta a matsayin abin da za a naɗe hannu a kansa ba, ga shi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, duk da nauyin sarauta da yaƙe-yaƙe, ya wallafa littattafai a kan ɗibbu, har da na ciwon ido da na basur.

Sa'ad da ilmin likitanci na zamani ya ɗora cututtukan nan uku da gwaggo ke tambaya bisa sikeli, kuturta ce ta fara fita daga lissafin gado. Likitocin Turai ma sun daɗe suna cewa gadonta ake yi, har zuwa 1873 lokacin da Armauer Hansen, a garin Bergen na ƙasar Norwe, ya gano ƙwayar cutar da ke haddasa ta, ya saɓa wa malaminsa kuma surukinsa Danielssen. Dalilin ganinta a gida ɗaya shi ne doguwar cuɗanya a ɗaki ɗaya, kuma tun farkon shekarun 1980 ana warkar da ita da haɗin magunguna, kamar yadda masu zuwa asibitin Danja kusa da Maraɗi suka shaida. Farfaɗiya ita ma, ko da yake wani nau'inta yana da rabo a jini, da yawa a ƙasashenmu takan biyo bayan zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau, ko wahalar da jariri ya sha wajen haihuwa, waɗanda duk babu ruwansu da asalin gida.

Shi kuwa ilmin gado kansa, tushensa wani limamin Kirista ne mai suna Gregor Mendel, wanda ya yi shekaru yana barbarar wani irin wake a lambun majami'arsu a Brno, cikin ƙasar Cek ta yau, ya wallafa sakamakonsa a 1866, duniya ba ta waiwaye shi ba sai a 1900. Ya tarar cewa idan aka haɗa mai dogon kara da gajere, 'ya'yan duka dogaye suke fitowa, amma a cikin jikoki sai gajartar ta dawo ga 1 cikin 4. Wato jijiyar nan da Balarabe ya ambata, ga ta an ƙidaya ta. A 1953 Watson da Crick, a Kambirij ta Ingila, bisa taimakon hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka, suka bayyana siffar sinadarin DNA wanda gado ke rubuce a cikinsa. A 2003 kuma aka kammala karanta na ɗan Adam, aka san cewa haruffansa sun kai biliyan 3, ƙwayoyin gadonsa kimanin 20,000, an ɗaure su dami 46, rabi daga uba, rabi daga uwa.

A nan ne wani abin mamaki ya bayyana, domin cutar da ta fi kowace bin ƙa'idar Mendel a ƙasar Hausa ba ta cikin tambayoyin gwaggo ko kaɗan. Kowa ya san matar da ake kira mai wabi, wadda take haihuwa 'ya'yan suna komawa tun ba su yi wayo ba, har a kai ga sa wa jariri suna Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba ko ya tsaya. Sabubban mutuwar yara suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu shi ne amosanin jini, wanda ake kira sikila. Wani likita a Cikago, James Herrick, ya siffanta ta a 1910. A 1949 aka tabbatar cewa sai yaro ya karɓi ƙwayar daga uba da uwa duka biyu take kama shi. A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai ɗauke da ƙwaya ɗaya yana samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ne sirrin yawanta a ƙasashen sauro. A cikin shekarun 1970, lokacin babban binciken zazzaɓi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a Garki, cikin jihar Jigawa ta yanzu, Alan Fleming da abokan aikinsa sun tarar cewa kimanin 1 cikin 4 na mutanen wurin suna ɗauke da ƙwayar, kimanin jarirai 2 cikin 100 ana haifarsu da cutar, amma da wuya a ga babba mai ita, domin ba su kaiwa. Iyayen nan lafiyayyu ne, gidajensu babu abin faɗa, duk wata gwaggo za ta wanke su. Alhali kuwa idan masu ɗauke da ƙwayar biyu suka yi aure, kowane ciki yana da hatsarin 1 cikin 4, auren zumunci kuma yana ƙara yiwuwar haɗuwarsu.

Hauka fa, wanda shi ne ya fi rushe neman aure? Tarihin bincikensa yana da duhu wanda ya kamata a sani. Ernst Rüdin, a birnin Munik na Jamus, ya ƙidaya 'yan'uwan masu fama da nau'in taɓin hankalin da likitoci ke kira sikizofiriniya, ya wallafa a 1916, lissafinsa bai dace da sauƙaƙƙiyar ƙa'idar Mendel ba. Duk da haka ya zama ɗaya daga cikin masu goyon bayan dokar da gwamnatin Hitila ta kafa a 1933, wadda aka hana kimanin mutum 400,000 haihuwa da ƙarfin tsiya a ƙarƙashinta, daga baya ma aka kai ga kisan marasa lafiya. Wannan ita ce maƙurar inda tsoron asali ke kai al'umma idan ya sami takobi a hannu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai wasu malamai suka bi hanya mafi adalci, suka koma ga tagwaye. Irving Gottesman da James Shields, waɗanda suka yi aiki a asibitin Maudsley na Landan, sun kafa hujja a 1967 cewa cutar tana fitowa ne daga taruwar ƙwayoyin gado masu yawa tare da abin da rayuwa ta ɗora wa mutum. Hujja mafi ƙarfi ita ce ta tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, waɗanda gadonsu iri ɗaya ne sak: idan Hassan ya kamu, Husaini yakan kuɓuta a kusan rabin lokuta ko fiye.

Alƙaluman da suka tabbata daga wannan bahasi suna da sauƙin riƙewa. A cikin jama'a gaba ɗaya, kimanin 1 cikin 100 ne ke kamuwa; ɗan da ɗaya daga iyayensa ke da cutar, hatsarinsa kimanin 1 cikin 10 ne, ma'ana 9 cikin 10 lafiya za su rayu; jika kuwa nasa ya fi haka ƙanƙanta ƙwarai; mafi yawan masu cutar kuma iyayensu lafiyayyu ne. A 2014 wata babbar ƙungiyar masu bincike ta duniya ta gwada jinin marasa lafiya kusan 37,000, ta sami wurare 108 a cikin gadon ɗan Adam masu alaƙa da cutar, a 2022 adadin ya kai 287, kowanne da ɗan tasirinsa kamar ƙwayar gero a cikin mudu, kuma babu mahalukin da ba ya ɗauke da wasu daga cikinsu. Saboda haka babu wani gida a Buza ko a Garhanga da zai bugi ƙirji ya ce jininsa tas yake, kamar yadda babu gwajin jini da zai ce wa uba wannan jaririn zai taɓu.

Akwai wata cuta kuma da take bin gida a bayyane, amma ba a taɓa fasa aure dominta ba, ita ce fuka ko asma, da 'yan'uwanta irin borin jini da yawan atishawa. Wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da mai fuka a daren hunturu, ya ji ƙirjinsa na kuka kamar sarewa, ya gan shi zaune ya dafa gwiwoyi yana neman iska har asuba, ba ya bukatar a yi masa bayanin wahalarta. A 1966 wasu ma'aurata 'yan Japan, Kimishige da Teruko Ishizaka, suna aiki a Denba ta Amurka, suka gano sinadarin garkuwar jiki da ke tayar da wannan bori, wanda asalin aikinsa yaƙi ne da tsutsotsi, sai ya ɓata hanya ya riƙa faɗa da ƙura da garin fure. A 1975 David Warrell da abokan aikinsa sun wallafa nazarin masu fuka 106 a Zariya, suka tarar cewa ba ta cika kama yara ba, mafi yawa sai da suka girma ta same su, kimanin 1 cikin 5 ne kawai suka san wani mai ita a danginsu, ƙurar ɗaki kuma tana cikin manyan masu tayar da ita. A Oksfod, William Cookson da Julian Hopkin sun yi shelar a 1989 cewa sun sami alamar gadonta a dami na 11, daga baya Taro Shirakawa ya haɗu da su suka ƙara bin sawu, amma masu bincike a wasu ƙasashe ba duka suka ga abin da suka gani ba. A 2007 aka sami wani wuri mai ƙarfi a dami na 17, sa'an nan wasu da dama suka biyo baya.

Hukuncin fuka ke nan ya zo daidai da na taɓin hankali, wato iri yana da nasa rabo, ƙasar da ya faɗa a kanta tana da nata. Mutanen Adar sun fi kowa sanin haka, su da suka ga fako wanda ko ƙaya ba ta fita a kansa ya koma gona bayan aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984, suka kuma ga layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Magiya a 1975 sun karya ƙarfin iska, alhali geron da ake shukawa shi ne dai na da. Mai gadon fuka ba zai iya sauya jininsa ba, amma yana iya nisantar hayaƙin murhu a rufaffen ɗaki, da ƙaiƙayin sussuka, ya rufe hanci ranar da hazo ya sauko. Mai raunin hankali shi ma, abin da ke tunzura ciwonsa sau da yawa a fili yake, kamar shan wiwi da ƙwayoyi da matsanancin ƙunci, abin da ke kwantar da shi kuma magani ne a kan lokaci da dangin da ba su gudu ba. Thomas Adeoye Lambo ya gwada haka a Aro, kusa da Abekuta, tun 1954, inda ya sauke marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da 'yan'uwansu maimakon kulle su.

Wajibi ne kuma a faɗi cewa yawancin alƙaluman da suka gabata daga jinin Turawa aka samo su, domin a 2016 an ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi irin wannan bincike a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado. An fara gyara wannan giɓi da shirin binciken gado na H3Africa, da nazarin da aka wallafa a 2020 a kan ƙabilar Kosa ta Afirka ta Kudu, kuma haƙƙi ne a kan jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi da Sakkwato da Kano su tarbiyyantar da 'ya'yanmu da za su yi wa jama'arsu wannan hidima da harshensu, bisa yardarsu.

Bilhasali, magabata ba su yi kuskure ba da suka ce a duba kafin a ƙulla, kuma malamai sun halatta faɗin aibi ga wanda ya nemi shawarar aure, suka cire shi daga giba suka sanya shi cikin nasiha, da sharaɗin ya kasance bisa yaƙini. Kuskuren yana wajen abin da aka duba: an tsananta inda hatsari yake kaɗan kuma ba ya aunuwa, an yi sakaci inda yake da yawa kuma ɗigon jini ke bayyana shi. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, a Yamai kuma akwai cibiyar ƙasa ta masu amosanin jini. Kira na ga waliyyai da limaman da ke ɗaura aure daga Urno har Ibohaman shi ne su nemi takardar gwajin jini tun kafin zukatan yara su shaƙu, kuma idan gwaggo ta dawo da labarin kakar da aka taɓa sa wa turu, a tambaye ta yarinyar kanta, hankalinta da addininta da tarbiyyarta, in sun yi, a kai goro.